'Yar Farin da Aka Tsallake Ranar Lamba

Zuwa ga Likita, mai kula da aikin lamba a birnin Sakkwato da ƙauyukan kewaye.

Gaisuwa mai yawa da ban girma, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. In ka tambayi tamu lafiyar, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau bana, gero ya shiga rumbu, shanun da ke gangarowa daga arewa sun zo da jiki, kasuwa kuma ba laifi.

Bayan haka, ranka ya daɗe, sunana Bello ɗan Mamman, dillalin shanu ne ni a Kara, gidanmu yana kusa da Ƙofar Kware. Ba ka san ni ba. Ni ma sau ɗaya na taɓa hango ka a bakin asibiti, kana tsaye da malafarka kana duba ƙafar wani tsoho. Da ajami na rubuta, domin shi na iya, na kuma san tafintanka zai juya maka. Ina roƙonsa ya juya duka, kada ya tsinci abin da ya ga dama ya bar saura, ko da ya ga maganar ta yi tsawo. Mu dillalai ba mu iya gajarta zance ba. Ban naɗe ta na rufe ba, don abin da ke cikinta ya shafi gidaje da yawa ban da nawa.

Kuka na kawo, ba zan ɓoye ba. Amma godiyata ta fi kukan yawa, saboda haka da ita zan fara.

Na farko, godiya.

Duk wanda ya kalli fuskata ya san agana ta taɓa shiga gidanmu. Ina shekarun famfara ta zo, cikin bazara. Mu huɗu ne a ɗakin mahaifiyarmu, da ta fita ni da yayana kaɗai ta bari. Ni ta bar mini zanzana, ta kuma sa mini hakiya a idon hagu. Mahautan Kara, da yake abokan wasana ne, har yau cewa suke shi ya sa ban taɓa ganin aibin saniyar da nake sayarwa ba, wai gefenta mai kyau kaɗai nake gani. Nakan taya su dariya. Amma ƙanena da ƙanwata da aka fitar rana ɗaya, ɗaya da hantsi ɗaya da la'asar, ban taɓa mantawa da su ba. Mahaifiyarmu kuwa, wadda muke kira Inna, har gobe ba ta kiran ciwon da sunansa.

Saboda haka da aka fara zancen lamba a garin nan, ban shiga cikin masu gudu da 'ya'yansu ba. Na ji duk abin da aka faɗa: wai alama ce ake sa wa yara don a san waɗanda za a kwasa soja in sun girma, wai ƙidaya ce ta ƙarin haraji. Ni kuwa cikin shanu na tashi. Tun ina yaro nake ganin Fulani, in ciwon huhu ya shiga garke, sukan yanki ɗan huhun wadda ta mutu, su tsaga fatar hancin masu lafiya su cusa, wurin ya kumbura ya warke, ciwon ya zo ya wuce su. Da aka kwatanta mini yadda lamba take, sai na ce ai wannan tsohon zance ne, ɗan Adam ne dai bai samu nasa ba sai yanzu. Bara kuma na gani da idona, ɗayan da ya rage. An yi wa yaran unguwar marina lamba da ɗari, agana ta zo da bazara ta yi ɓarna a unguwannin da ba a kai gare su ba, yaran marina kuwa suna ta wasansu a bakin karofi.

Bana aka zo tamu unguwar, wata Laraba a farkon ɗari, yau kwana arba'in da 'yan kai. Malamin lambarka mutumin kirki ne, ina so ka san haka tun kafin ka ji sauran. Ya yi sallama, ya tsaya a zaure bai nemi leƙa cikin gida ba, ya durƙusa ya gaida mahaifina. Kafin ya taɓa kowane yaro sai ya gitta 'yar askarsa a wuta. Aka fito masa da Umaru, mai shekara huɗu, da Nana, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Ya ɗan karce su a dantse, ya ɗiga ruwan lambar, ya ce kada a wanke, kada a shafa komai. Umaru ya cika unguwa da ihu tun aska ba ta iso gare shi ba, Nana kuwa ko uffan.

Bayan tafiyarsa na sha tawa wahalar. Matan maƙwabta sun riga sun koya wa mai ɗakina cewa in aka matsa lemun tsami a wurin da wuri, lambar ba ta kamawa, yaro ya huta da zazzaɓi. Na yi mata bayani, na kawo zancen Fulani da huhu, ta ce ita 'ya'yanta ba maruƙa ba ne. Da na ga baki ba zai yi ba, sai na kwashe lemun gidan kaf na zuba a aljihun riga. Kwana uku ina yawo da su a Kara, mahauta suna tambayata ko na sake sana'a. Rana ta huɗu wurin ya tasa, ya yi ƙurji, suka yi zazzaɓin kwana biyu, daga baya ɓawon ya bushe ya faɗi. Yanzu Umaru ba ya barin baƙo ya zauna sai ya nuna masa tabonsa. In na dube su suna rigima a kan ƙanzo, sai in ji hankalina a kwance, abin da ban saba ji ba in bazara ta doso. Wannan alheri ne, na gode, Allah ya saka.

Na biyu, abin da ya faru a zauren.

'Ya'yana uku ne, ranka ya daɗe, ba biyu ba. A takardar malaminka biyu aka rubuta, kuma daga bakina ya ji.

Dole in yi maka bayanin wata al'ada tamu, don ina jin a ƙasarku babu ita. A nan mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya cewa nawa ne, balle a gaban iyayensa. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, da ita muka tashi, wanda bai yi ta ba kuwa marar ta ido ake ce masa. Da an yaye yaron sai kaka ta ɗauke shi, ya koma ɗakinta, ya zama nata. Tawa ta farin mace ce, shekararta bakwai. Tun yaye take ɗakin Inna, a cikin gidan nan namu, taku goma daga ƙofar uwarta. Kowa 'Yar Inna yake ce mata. Ni in ya zama dole sai in ce yarinyar nan, a gane wadda nake nufi.

Ranar da malaminka ya zo, Inna ta tafi barkar haihuwa Runjin Sambo tun da sassafe, ta tafi da yarinyar ta riƙe mata ƙwarya. Da tana gida da ba a yi haka ba, don da ta biyo ƙannenta zaure ko don kallo. A zauren akwai mahaifina, da ƙanensa, da mai unguwa. Malamin ya buɗe takarda, ya dube ni ya ce in faɗi sunayen 'ya'yana ƙanana. Na ce Umaru. Na ce Nana. Ya ɗaga alƙalami yana jira. Sunan yana bakina, wallahi yana kan harshena, na ɗaga kai na ga Baba yana jan tasbaha yana kallona, sai bakin ya ƙi buɗuwa. Na ce a raina ai Baba zai faɗa, tun da a hannunsu take.

Malamin kuwa ya juya ga Baba ya tambaye shi ko shi ma yana da ƙananan yara. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya nuna ni da tasbaha ya ce, "Ga autana nan da gemu nai, in kana iya kama shi ka yi mishi." Kowa ya yi dariya. Shi a ganinsa ba a tambaye shi jika ba, ya kuma ɗauka mata sun riga sun shirya yadda za a yi da ita. Mai unguwa ya san da yarinyar sarai, amma ba zai tsallake masu gida ya ƙirga musu 'ya'ya ba. Malamin ya rufe takarda, ya ɗauki farar ƙasa ya ja layi a jikin ƙofar zaure, alamar an gama da gidan. Ina tsaye ina kallo ya tafi.

Inna ta dawo da la'asar ta tarar da yara biyu da karce a dantse. Ta tambaya, aka gaya mata. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta fito zaure, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta tsaya a kanmu ni da Baba ta ce, "Maza biyu da gemu kuna zamne, kunka bari anka tsallake min ɗiya? Ni da nib bizne biyu rana guda?" Baba bai taɓa tuwonsa ba ran nan.

Laifin nawa ne, na yarda, ban zo in ɗora wa kowa ba. Sai dai tambayar ma tana da gyara, zan zo kanta.

Na uku, zuwana rumfar masu lamba.

Washegari na tafi rumfarsu da ke bayan asibiti. Na sami malamin, na ce akwai wata yarinya a gidanmu da ba a yi wa ba. Ya tambaye ni 'yar wa ce. Na ce ta tsohuwarmu ce. Ya dube ni ya yi murmushi, don shi ma ɗan ƙasa ne, ya gane. Sa'an nan ya gaya mini abu biyu. Takardar unguwarmu ta riga ta wuce zuwa gare ka, an rubuta gidan Mamman an gama, shi kuma ba shi da ikon ƙara suna a takardar da ta bar hannunsa sai da izininka, kuma sai uban yaro ya faɗi sunan da kansa. Bayan wannan, ruwan lambar a cikin 'yan siraran kwalabe yake zuwa daga nesa, a ƙirge. In an fasa ɗaya dole a ƙarar da ita a ranar a kan yara da yawa, ba a fasa ta don yaro ɗaya. Ya ce in leƙo wani mako ko a dace.

Na koma sau biyu. Zuwan farko na tarar sun tafi wata unguwa can gabas. Na dawo gida na gaya wa Inna, ta kama hannun yarinyar suka bi su a ƙafa cikin rana, aka ce musu ruwan ranar na waɗanda ke cikin takardar wannan unguwa ne, kuma ma ya ƙare. Zuwa na biyu ne malamin ya gaya mini abin da ya sa na zauna rubutun nan. In watan nan ya mutu za su fita ƙauyuka, kafin su dawo zafi ya shigo, ruwan kuwa ba ya jure zafi, lalacewa yake. Aikin birni sai ɗarin baɗi. Ranka ya daɗe, tsakanin ɗarin bana da na baɗi akwai bazara guda, ita nake tsoro. Yau saura kwana goma sha ɗaya wata ya mutu.

Na nemi ganinka, mai tsaron ƙofa ya ce ba a ganin Likita sai mai ciwo. Na ce ai don kada a yi ciwon na zo. Ya ce wannan ba ya cikin abin da aka gaya masa. Ban ga laifinsa ba, na dawo na jiƙa tawada.

Na huɗu, ba gidana kaɗai ba ne.

Da abin ya dame ni sai na shiga bincike a Kara. Binciken ma da wuya, don ba ka tarar mutum ka tambaye shi labarin ɗansa na fari. Sai ka zagaya ka tambayi amininsa ko ƙanensa. Abin da na samo ya isa. Wani mahauci da rumfarsa ke kusa da inda nake zama, ɗan farinsa yana wurin kakarsa ta wajen uwa a wata unguwa. Da aka zo gidan uban, bai ambace shi ba. Da aka je gidan kakar, mai gidan ya lissafa na cikinsa ya yi shiru, don a wurinsa yaron na wancan gida ne. Wani majemi kuma da ya ji labarina sai ya kama baki, ya bar fatunsa a shanye ya nufi gida da sauri. Shi sai ran nan abin ya faɗo masa. Na tabbata in ka sa aka duba hannun yaran unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, za a yi ta ganin ƙanne da tabo, yayye babu. Kwalba guda ba za ta yi asara ba in an fasa ta dominsu, watakila ma ta kasa.

Na biyar, abin da ke hana ni sakewa.

Sana'ata ta sa zaurena masauki ne. Masu koro shanu daga arewa a nan suke sauka, su yi kwana biyu ko uku har a sayar. Waɗanda suka zo makon jiya sun ce sun wuce wani gari a bakin mashaya, inda aka kafa bukkoki a bayan gari aka ware masu ciwon. Sun ce ba su tsaya ba, na kuma yarda da su. Amma wasu na tafe a bayansu, ba kuma zan iya rufe ƙofa ga mutanen da mahaifina ya sauki iyayensu ba. Yarinyar ce kuwa mai kai musu ruwa da fura tun da ta iya ɗaukar ƙwarya. Na sa Inna ta hana ta. Ba a gaya mata dalili ba, sai ta ɗauka wani laifi ta yi, ta yini ba ta wasa.

Shekaranjiya na shigo da azahar na same ta a bayan rumbu ita kaɗai, ta sami gawayi tana zana wa kanta tabo a dantse, daidai inda na Umaru yake. Da ta gan ni sai ta rufe wurin da hannu. Shekara bakwai ban taɓa zaunar da ita mun yi magana ba. Na wuce ɗakina. Daga baya Inna ta gaya mini abin da ta tambaye ta: "Inna, ni ba ɗiyag gidan ga ta ba? Mi as sa ba a yi min ba?"

Ranka ya daɗe, ina son yarinyar nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ban kuma taɓa zaton Bature zan fara gaya wa ba. Ita ke gane takuna tun daga bakin ƙofa, ta cika buta ta ajiye mini ta gudu kafin in shigo. Fuskarta sumul take, idanunta biyu garau. Haka nake so su zauna.

Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, kafin masu lamba su fita ƙauye, a ba mu yini guda, ko rabin yini, a fasa kwalba a ƙofar mai unguwarmu don yaran da aka tsallake. Tara su aikina ne, na ɗauka. Wanda ya iya tara shanun mutum goma a turke ɗaya ba zai kasa tara jikokin tsofaffi ba.

Biyu, a gyara tambayar. Ban ce a kashe al'adarmu ba, don kunya abu ce mai kyau, ita ta sa muke zaune gida ɗaya da iyayenmu lafiya. Amma kada a tsayar da mutum a gaban ubansa a ce ya lissafa 'ya'yansa. A tambayi yara nawa ke cin tuwo a gidan, a kuma aika ciki a tambayi tsohuwar gida, ita ba ta da wanda take jin kunya. In da hali ma, malaminka ya riƙa tafiya da ungozomar unguwa. Ita ta yanke cibiyar kowane yaro, ta san wanda aka haifa a nan ake riƙonsa a can, ba mai ɓace mata.

Uku, kada wannan takarda ta jawo wa malamin lamba faɗa. Abin da aka gaya masa ya rubuta, abin da aka umarce shi ya bi. Hannunsa kuma mai sauƙi ne, yara biyu shaida ne a gidana.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare ka daga zazzaɓin ƙasarmu, ya sa albarka a aikin hannunka, ya sada ka da iyalinka cikin alheri. Allah ya raya mana yaran nan baki ɗaya, na fari da na ƙarshe, ya kai mu damina lafiya.

Saura abu guda. Malaminka ya ce takarda ba ta karɓar suna sai daga bakin uba. To, na ji. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan karanta wannan wasiƙa da bakina a ƙofar mai unguwa, don waɗanda abin ya shafa su ji su fito da nasu. Na gaya wa Baba. Ya ce zai zo ya zauna a gaba. Na san mutanen Kara sun sami abin tsokanata har in tsufa, su yi. Ga abin da ya kamata in faɗa a zaure ran nan, a rubuta shi a saman Umaru da Nana: sunanta Hafsatu, shekararta bakwai, 'yata ce ta fari.

Wassalam.

Ni ne naka,
Bello ɗan Mamman, uban Hafsatu.